Gam ɗin fata ko Titebond: wanne ya dace da haɗa jita da ukulele

Jita mai tsirkiyar ƙarfe, idan aka ɗaure ta da tsirkiyoyi marasa kauri sosai, tana ɗauke da jan da ya kai kilo 70 zuwa 75, ko ana kaɗa ta ko tana rataye a bango. Ta Sifaniyawa mai tsirkiyar nailan tana ɗauke da kusan kilo 40. Ukulele kuwa, wato 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, daga ƙaramar mai tsawon tsirkiya santimita 33 har zuwa mai santimita 43, janta bai kai kilo 25 ba. Duk wannan nauyi yana sauka ne a kan gada, wato ɗan katakon nan da ake mannawa a fuskar kayan kiɗan ana ɗaure tsirkiya a jikinsa, ita kuma fuskar kaurinta bai wuce milimita 3 ba a jita, bai wuce 2 ba a ukulele. Babu ƙusa, babu noti. Gam ne kaɗai ke riƙe da ita.

Duk da haka, mai tambayar wane gam ne ya fi ƙarfi bai kama bakin zaren ba. Idan katakai biyu suka zauna da juna ba rata, gam ɗin fata da Titebond (gam ɗin katako na kanti da ake matsowa daga roba) da na kifi da ifoksi (gam mai kashi biyu da ake cakuɗawa) duk sun fi katakon ƙarfi: in ka karya haɗin, katakon ne zai tsage ya bar layin gam yana nan. Bambancinsu yana wurare uku. Me gam ɗin ke yi idan ya sha zafi alhali tsirkiya na jansa? Idan bayan shekara goma aka buƙaci buɗe haɗin don gyara, zai buɗu ba tare da an lalata katako ba? Kuma sarari nawa yake ba ka tsakanin shafawa da matsewa? A kan waɗannan ukun ake zaɓe, kuma amsar takan canza daga wannan gaɓa ta kayan kiɗan zuwa waccan.

Gam ɗin fata mai zafi

Wannan shi ne tsohon hannu. Da shi aka haɗa gogen Turawa na Italiya da har yau ake kaɗawa bayan shekara ɗari uku, da shi kafintocin Madira da suka sauka Honolulu a 1879 suka fara ƙera ukulele, kuma da shi kamfanin Martin na Nazarat a jihar Fensilbaniya ya yi aiki har tsakiyar shekarun 1960. Daga fatar shanu ake dafa shi, ana sayar da shi busasshe kamar tsakin masara. Wanda ya taɓa ganin romon ƙafar sa ya kwana ya daskare ya riga ya san halinsa: da zafi ruwa ne, da ya huce sai ya sandare.

Ana sayar da shi aji-aji, da lambobi irin su 135, 192, 251 da 315. Yawan lambar, yawan ƙarfin daskarewa da kuma saurinta. Masu haɗa jita sun fi zama a kan 192, domin ƙarfinsa ya wadatar kuma yana ɗan ba da sarari. Wasu na ajiye 251 ko 315 don gada kawai. Mai koyo ya tsaya a 192.

Haɗinsa da sikeli ake yi, kada a yi da ido: kashi ɗaya na busasshen gam, kashi 1.8 zuwa 2 na ruwan sanyi. Giram 20 na gam da giram 38 na ruwa sun isa aikin yini a kan ukulele. A zuba a ƙaramar kwalba ko robar matsawa mai siririn baki, a bar shi awa ɗaya ko biyu ya sha ruwan ya kumbura, sannan a tsoma kwalbar cikin ruwa mai zafin digiri 60. Nan ne mutane da yawa ke ɓata shi. Idan zafin ya haura 65 ya daɗe a haka, ƙarfinsa na raguwa, in kuwa ya tafasa an gama da shi, ko da a ido yana nan kamar lafiyayye. Ba a ɗora kwalbar kai tsaye a wuta. Tukunyar lantarki ta musamman tana da daɗi, amma ƙaramar tukunya a kan risho da aka rage wutarsa, ko babban fulas mai faɗin baki da ake sabunta ruwansa, duk suna yi, muddin akwai ma'aunin zafi a cikin ruwan. Kaurin da ake nema shi ne, idan ka ɗaga buroshi, gam ɗin ya zubo a zare ɗaya bai tsinke ba, kamar zuma da ta sha rana. Yana ƙara kauri yayin da ruwa ke tashi daga cikinsa, don haka a riƙa ɗiga masa ruwan ɗumi.

Wahalarsa ɗaya ce, kuma babba ce. Da zafinsa ya sauka zuwa wajen digiri 35 sai ya fara daskarewa, kuma a kan katako mai sanyi hakan na iya faruwa cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka. Idan ya daskare kafin ka matse, ba zai tsiyayo daga cikin haɗin ba, sai ya zauna a tsakani da kauri, irin wannan haɗi kuwa da sannu zai saki. Maganin shi ne a ɗumama katakan biyu da na'urar busar da gashi ko fitila mai zafi har su kai yadda hannu zai ji ɗumi sosai amma ya iya riƙewa, a jera ƙarafan matsi a buɗe daidai girman da ake so, a kuma gwada dukan aikin sau biyu ba gam ana duban agogo. In gwajin ya wuce daƙiƙa 60, a sake tsari. Ana iya tsawaita sararin da yuriya, irin dai ta takin zamani, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin busasshen gam. Fiye da haka yana sa shi laushi da jan laima, a rasa abin da aka zo nema.

Abin da ake samu a madadin wannan wahala ya cancanta. Idan ya bushe yana yin tauri kamar gilashi, ba ya sulalewa a ƙarƙashin jan tsirkiya, kuma busasshen zafi ba ya narka shi. Yayin bushewa yana tsukewa ya jawo katakan biyu su ƙara matsuwa. Kuma sabon gam yana narkar da tsoho su zama abu ɗaya, don haka sandar ciki (siririn katakon da ake mannawa a bayan fuska don ya ƙarfafa ta) da ta saki bayan shekaru ana iya ɗura mata sabo mai zafi a matse, ba sai an kankare komai ba. Ruwan ɗumi da tsumma suna share abin da ya tsiyayo, ko a bari ya daskare a naɗe shi da ɗan tsinke. Ba ya barin tabo a ƙarƙashin fenti.

Akwai masu cewa jitar da aka haɗa da shi ta fi amo. Wannan magana ce da kunne ke jayayya a kanta, kuma kaurin fuska da sassaƙar sandunan ciki sun fi gam tasiri nesa ba kusa ba. Don gyaruwa da jure zafi ake zaɓensa.

Idan na sayarwa ya yi wuyar samu, garin jelatin na girki marar ɗanɗano shi ma gam ɗin fata ne, tatacce, mai babbar lamba. Yana kamawa da ƙarfi amma yana daskarewa da sauri ƙwarai, kuma yana son ruwa fiye da 192. A duba kwalin, domin da yawa daga fatar alade ake yin sa, akwai kuma na shanu. Dafa gam daga ɗanyar fatar sa ma abu ne mai yiwuwa, sai dai jemammiyar fata ba ta bayarwa, kuma kowace tukunya da nata ƙarfin, saboda haka ba a kai shi kan kayan kiɗa sai an gwada a guntun katako.

Titebond da farin gam

Titebond na asali, mai jan tambari, na kamfanin Franklin da ke Kolombus a jihar Ohayo, shi ne gam ɗin da akasarin masu haɗa jita da hannu ke amfani da shi yau, kuma an yi dubban kayan kiɗa masu kyau da shi. Daga roba ake matso shi, ba dafawa ba aunawa. Yana ba da minti 4 zuwa 6 a buɗe, da kusan minti 10 zuwa 15 kafin a gama daidaitawa da matsewa. Ana iya kwance matsi bayan rabin awa zuwa awa ɗaya, amma ba a ɗora wa haɗin nauyi sai bayan awa 24. Ga wanda ke manna fuska a jikin ganga, wato akwatin kayan kiɗan, karo na farko, yana lallaɓa ƙarafan matsi ashirin, waɗannan mintuna su ne bambanci tsakanin aiki mai kyau da ɓarna.

Rauninsa zafi ne. A wajen digiri 65 ƙarfinsa na faɗuwa ƙasa da rabi, kuma tun kafin nan yakan fara laushi. Idan ya yi laushi tsirkiya na ja, sai gada ta riƙa sulalewa gaba kaɗan-kaɗan, bayanta ya ɗaga, ko allon yatsu, inda ake danna tsirkiya, ya zame a kan wuya, wuyan ya lanƙwashe ya zauna a haka bayan ya huce. Cikin motar da aka rufe a rana yana kaiwa wannan zafin. Amfanin wannan rauni kuwa shi ne mai gyara na iya buɗe haɗin da zafi da siririyar wuƙa. Sai dai sabon Titebond ba ya kama tsohon da ya bushe, dole a kankare har katako ya fito fes a ɓangarorin biyu, kuma a ƙarƙashin sandar da ke cikin ganga wannan aiki ne mai cin rai.

Titebond II da III an yi su ne don kayan da ruwa zai taɓa. Sun fi na asalin danƙo bayan bushewa, sun fi shi sulalewa, sun fi shi wuyar buɗewa, kuma na III yana barin layi mai duhu a kan farin katako. Lambar da ta fi girma a nan ba ta nufin wanda ya fi dacewa. A kuma kula da kwanan wata: robar da ta shekara biyu, ko ta daɗe a shago mai zafi har ta yi kauri tana zare, ta tashi daga aiki.

Farin gam na kafintoci da ke kowace kasuwa danginsa ɗaya da Titebond, amma yawancinsa ya fi laushi. Gwada shi abu ne mai sauƙi: a ɗiga a kan gilashi, a shimfiɗa da kaurin kati, a bari kwana uku, a ɓamɓare. In ya karye ƙas, ana iya amfani da shi a jikin ukulele. In ya miƙe kamar roba, bai dace da gada ko sandunan fuska ba, komai arharsa.

Yadda yanayi ke juya lissafin

Littattafan wannan sana'a galibi an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, inda shago ke kan digiri 18 ko 20, shi ya sa suke kwatanta gam ɗin fata a matsayin abin tsoro. A shagon da ke kan digiri 36 ko 40, kamar yadda ake samu a Kano, Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, lamarin ya juye. Gam ɗin fata ba ya saurin daskarewa, yana ba da sarari mai yawa, sau da yawa ba a ma buƙatar ɗumama katako. Titebond kuwa a wannan zafi da bushewa yakan yi fata a sama cikin minti biyu ko uku, musamman a ƙarƙashin fanka. Da safiyar hunturu abin ya koma yadda littattafan suka faɗa. Abin da zafi ke cutarwa a gam ɗin fata shi ne ajiya: wanda aka dama yana ruɓewa cikin kwana ɗaya ko biyu in ba firiji, kuma da ya fara wari a zubar. A dama na yini kawai. Busasshen kuwa yana shekaru a rufaffiyar kwalba.

Laima ta fi gam muhimmanci, kuma babu gam da ke maganinta. Ana son a haɗa ganga a laimar iska ta kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Fuskar jita mai faɗin santimita 40 da aka manna wa sanduna a wannan laima, idan ta shiga iskar hunturu mai kashi 20, tana neman tsukewa da kusan milimita 2, sandunan da ke gicciye kuma ba sa bari. Sai ta lotsa ko ta tsage. Wadda aka haɗa a tsakiyar damina, laima na kashi 75 ko 80, tsagewarta a watan Janairu kusan tabbas ce. Ƙa'idar ita ce a manna sanduna a rufe ganga a yanayin da ya ɗan fi inda kayan kiɗan zai zauna bushewa, domin katakon da ya kumbura daga baya yana ɗaga fuska ne kawai, wanda ya tsuke kuwa yana fashewa. Ma'aunin laima na rataye a shago ya fi kowace robar gam mai tsada amfani. A wuraren da laima ke zama sama da kashi 80 wata da watanni, gam ɗin fata ma yana iya laushi har ya yi fumfuna, nan Titebond ya fi kwanciyar hankali.

Sauran da ke kan teburi

Gam ɗin kifi yana da kusan duk halayen na fata, tauri da narkewa da ruwa, kuma da sanyinsa ake shafa shi, yana ba da sarari na kusan awa guda. Farashin wannan shi ne matsi na awa 12, da kuma cewa ya fi na fata jin laima. A busasshiyar ƙasa zaɓi ne mai kyau don rufe ganga. Kusa da teku a yi hattara da shi. Gam ɗin fata na kwalba, wanda aka sa wa sinadarin hana daskarewa, yana aiki idan sabo ne, amma wanda ya tsufa ba ya bushewa sam, yakan zauna da danƙo har abada. A ɗiga tsakanin guntaye biyu a gani kafin a amince da shi.

Ifoksi, irin su Araldite mai bushewa a hankali, ba ruwa a cikinsa kuma yana cike rata. Wurinsa shi ne binne sandar ƙarfafa wuya, manna katakai masu maiƙo, da haɗa siraran katakai falle-falle. Ba a matse shi da ƙarfi kamar sauran, in an matse ya tsiyaye sai haɗin ya rasa gam. Mai kamawa cikin minti biyar ba na wannan aiki ba ne. A sa safar hannu, domin fata na iya ƙin sa bayan yawan taɓawa, kuma in ta ƙi ba ta dawowa. Kada a kai shi mahaɗin wuya ko gada.

Supa gulu mai ruwa-ruwa yana da amfani a ƙananan wurare: ado na ƙwarya ko ƙashi, bakin siraran ƙarafan da ke gicciye a kan allon yatsu idan sun ɗaga, da cike ramin tsirkiya da ya zurfafa idan an haɗa shi da garin ƙashi. Yana bin jijiyar farin katakon fuska ya bar tabo ruwan ɗorawa da ba ya fita, saboda haka a fara shafa shalak, wani fenti mai sheƙi da ake narkarwa a sifirit, sau biyu a wurin. Gam mai kumfa da solushan na masu gyaran takalmi ba su da gurbi a jikin kayan kiɗa: kumfar na farkon ba ta da ƙarfi, na biyun kuma roba ne da ke miƙewa.

Gaɓa bayan gaɓa

Haɗin tsakiyar fuska da na baya, inda ake manna falle biyu gefe da gefe, ya dogara ne da filen fiye da gam. A haɗa gefunan a ɗaga su ga haske, in haske ya ratso ko kaɗan a koma. Gefen da aka fere da kaifin filen ya fi wanda aka goge da samfefa kamawa. Gam ɗin fata ya fi a nan domin layinsa ba ya bayyana kuma aikin na daƙiƙoƙi ne: a ja tef a gicciye a bayan fallayen, a buɗe su kamar littafi, a zuba gam, a kwantar, a ɗora nauyi. Titebond ma yana yi. Ko da wanne aka yi, a bari kwana biyu kafin a goge, domin ruwan gam yana kumbura bakin haɗin, in aka goge shi a kumbure zai lotsa bayan ya bushe, a ga siririn kwari a ƙarƙashin fenti.

Sandunan cikin fuska su ne wuri na biyu da gam ɗin fata ya fi cancanta. Ana matse su da sandunan danni masu lanƙwasa da ake tokarawa tsakanin rufin akwati da aikin, kowace na danna kilo 3 zuwa 4, a jera su tazarar santimita 4 ko 5. Sanda ɗaya ake yi a lokaci guda, don haka minti ɗaya ya isa. Titebond a nan yana da wani hali: sandar takan yi iyo a kan gam ta goce daga layi yayin da ake danna ta. A shafa kaɗan, a goga sandar gaba da baya har ta fara kamawa, sannan a tokare.

Layin ciki mai tsaga-tsaga da ke bin gefen ganga, da tubalan wuya da na gindi, Titebond ya ishe su. Matsin shanya da aka ƙara wa roba yana riƙe layin. Rufe ganga kuwa shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma nan mai koyo ya ɗauki Titebond ko gam ɗin kifi ba tare da jin ya gaza ba. Masu yi da na fata sukan shafa a duk kewayen su bari ya daskare, sannan su bi da zafi da ɗan tururi suna narkarwa suna matsewa kashi-kashi. A kan ukulele, da kewayenta gajere ne, ana iya yi a karo ɗaya idan shagon na da ɗumi.

Kalmasar gefe, wato siririn falle da ake zagaye bakin ganga da shi, in ta katako ce ana manna ta da Titebond ko gam ɗin kifi a ɗaure da tef. Ta roba ba ta jin gam mai ruwa, sai mai asiton (sinadarin da ake goge jan farce da shi) ko supa gulu.

Allon yatsu yana da nasa sha'ani. Faɗinsa da tsawonsa na sa wuya ya sha ruwan gam ta fuska ɗaya, sai ya lanƙwashe baya. A huda ƙananan ramuka biyu a cikin tsagar ƙarfe ta farko da wata ta wajen ƙarshe, a sa siraran ƙusoshi don kada allon ya zame, a matse da miƙaƙƙen katako mai kauri a sama, a bar shi a matse awa 24, sannan a jira kamar mako kafin a daidaita saman allon. A rufe ramin sandar ƙarfe da siririn tef yayin shafawa don gam kada ya shiga. Wasu na zaɓar ifoksi a nan don kauce wa ruwan, kuma hujjarsu na da ƙarfi, sai dai cire allon daga baya ya fi wuya.

Mahaɗin wuya na jita mai tsirkiyar ƙarfe, irin mai wutsiyar kurciya, kusan tabbas wata rana za a buɗe shi, domin jan shekaru yana canza kusurwar wuyan. Mai gyara yakan cire ƙarfe na 15, ya huda rami, ya tura tururi cikin mahaɗin. Gam ɗin fata da Titebond na asali duka suna saki da tururi. A shafa a kumatun wutsiyar kawai, kada a cika ramin. Ukulele ba ta cika buƙatar wannan gyara ba saboda janta kaɗan ne.

Gada ita ce inda kuskure ya fi fitowa fili, kuma sau da yawa ba gam ne mai laifi ba. Abu na farko, a kankare fenti daga inda za ta zauna har katako tsirara, a tsaya kamar milimita ɗaya daga cikin layin gefenta. Idan aka yanka layin da wuƙa, a yanka fenti kawai: wuƙar da ta shiga jijiyar fuska ta riga ta buɗe wa tsagewa hanya, kuma gadar da ta tashi da ɓawon katako a ƙasanta yawanci daga nan ne. Na biyu, ƙasan gadar ya bi kumburin fuskar. A manna samfefa a kan fuskar, a zana fensir a ƙasan gadar, a goga a hankali har zanen ya goge ko'ina. Na uku, katakan gada irin su eboni na Kamaru da rozwud, ko madobiya ga mai amfani da ita, suna fitar da maiƙo, don haka a bi ƙasan da makankari minti kaɗan kafin shafawa. Wannan ya fi gogewa da asiton, wanda kan jawo sabon maiƙo sama. A kafa gadar da ƙananan turaku biyu ta ramukan tsirkiya na gefe ko ta cikin tsagar da ake sa ƙashin da tsirkiya ke hawa, a sa katakon tallafi a ciki wanda aka sassaƙa ya tsallake sanduna, a matse da ƙarafa uku a jita, ɗaya ko biyu a ukulele. Gam ya tsiyayo ta kowane gefe, in wani gefe bai fito ba akwai rata a wurin. A jira aƙalla awa 24, in da hali kwana biyu, kafin a ɗaura tsirkiya.

A jita mai tsirkiyar ƙarfe da za ta yi yawo a mota a ƙasa mai zafi, gam ɗin fata ya fi Titebond a gada, kuma ko mai yin sauran aikinsa duka da Titebond ya kamata ya koyi dafa shi saboda wannan gaɓa da sandunan fuska. A ukulele mai jan kilo goma sha wani abu, Titebond na asali daga farko har ƙarshe ya isa, kuma wanda ke haɗa ta farko ya fi kyau ya sa hankalinsa a kan zaman katako da laima.

Kafin a amince da kowane gam, sabo ko tsoho, a yi masa gwaji biyu da ragowar katakan da za a yi aikin da su. A manna guntun katakon gada a kan guntun katakon fuska, a bari kwana biyu, a buge shi da guduma daga gefe: in ya tashi da zaren katako manne a ƙasansa gam ɗin ya yi, in ya rabu sumul a kan layin gam akwai matsala a gam ɗin ko a shirin katakon. Sannan a yi wani irinsa, a ja layin fensir a ƙetaren haɗin, a rataya masa nauyin kilo biyar, a bar shi cikin rufaffiyar mota a rana yini guda. Da yamma a duba ko layin fensir ɗin ya rabu biyu.